Motar da Ba Ta Lalacewa Tana Lalata Direba

Duk lig ɗin tseren kwamfuta da ke gudanar da gasar motocin Modified, ya bar wa direbobi damar gyaran nan take, wato musanya motar da ta lalace da sabuwa ana tsakiyar tsere, ya kuma sakar wa na'ura aikin alƙalanci, da hannunsa yake kashe gasarsa. Na san masu shirya lig da yawa ba za su so jin wannan ba, domin abin da nake nema zai ƙara musu aiki, zai kuma haɗa su da mutanen da suke jin nauyinsu. Amma na daɗe ina shiga irin waɗannan gasa, ina kuma kallon na wasu, kuma abu ɗaya ne yake ta maimaituwa. Kakar tsere takan fara da fili cike da motoci, kafin a kai tsakiyarta an koma ƙirga waɗanda suka rage da yatsu. Masu tuƙin ganganci suna nan daram, ba sa fashi. Masu natsuwar ne suke zare jiki ɗaya bayan ɗaya, kuma ba sa sallama.

Sai an san motar za a gane abin da ya sa maganar ta fi tsanani a kanta. Modified ita ce uwa a gidan NASCAR, hukumar tseren motoci ta Amurka. Tseren farko da hukumar ta shirya, ranar 15 ga Fabrairu 1948 a bakin tekun Daytona, na irin waɗannan motoci ne, kuma Red Byron ne ya lashe shi. Rukunin da ya girma ya zama babbar gasar Cup ta yau sai a 1949 aka fara shi. A wancan zamani tsofaffin motocin hawa ake kwaskwarewa, a ƙara wa inji ƙarfi, a cire duk abin da ba ya ƙara gudu. Wadda ake tuƙawa yau a NASCAR Whelen Modified Tour kuwa tun daga tushe don tsere aka ƙera ta. Shimfiɗe take a ƙasa, nauyinta kimanin kilo 1,200, injinta ya haura ƙarfin doki 600, faɗin tayarta inci 15, an kuma karkatar da nauyinta zuwa hagu tunda hagu kaɗai take juyawa. Sannan tayoyinta a waje suke, ba abin da ya rufe su, sai bamba gaba da baya da 'yan bututun ƙarfe a gefe.

Wannan na ƙarshen shi ne tushen komai. Motar Cup ko Late Model, mai tayoyi a rufe, idan ta goga jikin 'yar'uwarta, ƙarfe ne ya goga ƙarfe, kowa ya ci gaba da fenti a kankare. Modified ba ta yafe irin wannan. Gaban taya ƙasa yake juyawa, bayanta kuma sama yake tasowa. Idan tayar gaban na baya ta taɓa bayan tayar na gaba, sai ɗaya ta ɗaga ɗaya, mota ta hau mota, cikin ƙiftawar ido ta bar ƙasa. Kuma inda ake wannan tsere ba wuri ne mai yalwa ba. Stafford a jihar Connecticut rabin mil ne, ana zagaye shi cikin ƙasa da daƙiƙa 20. Thompson ya ɗan fi shi. Riverhead da ke Long Island da Bowman Gray da ke North Carolina rubu'in mil ne kacal. Ka zuba motoci ashirin da wani abu a cikin irin wannan fili, na gaba yana cim ma na ƙarshe tun tsere bai yi nisa ba.

Mutanen arewa maso gabashin Amurka da suka rayu da wannan mota sun biya kuɗin saninta da rayuka. Richie Evans, mai mota lamba 61 ruwan lemo, ya ci kambun Modified sau tara, takwas daga ciki a jere daga 1978 zuwa 1985. Ya rasu a watan Oktoba 1985 yana gwaji a Martinsville, kambun shekarar kuma yana hannunsa tun kafin ranar. A 1987 Charlie Jarzombek ya rasu a wannan filin. A 2007 John Blewett III ya rasu a Thompson. Mutuwar da aka yi a shekarun 1980 ce ta sa aka koma kan ginin motar, domin an gane ƙashinta ya yi tauri har ba ya shanye ƙarfin karo, sai ya miƙa shi ga jikin direba. Ban kawo wannan don in ce a yi kewar haɗari ba. Babbar ni'imar tseren kwamfuta ita ce kowa yana tashi daga kujerarsa lafiya. Na kawo shi ne don a ga abin da ke riƙe ƙafar direban gaske a kan totur.

Abu uku ne suke riƙe ta. Akwai tsoron rauni. Akwai aljihu, domin mafi yawan masu tseren Modified ba attajirai ba ne, mutane ne masu aikin yi da rana, da dare su shiga gareji da 'yan'uwa da abokai, kuma gaban mota da aka murƙushe ranar Asabar yana nufin kwana biyar na walda da bashi. Sai kuma kunya, domin wanda ka jefa bango yana ajiye da tirelarsa kusa da taka, za ka ga matarsa da 'ya'yansa, za ku kuma sake haɗuwa mako mai zuwa da wanda ke biye da shi har ƙarshen kaka. Kwamfuta ta kwashe na farko gaba ɗaya, ta kwashe na biyu gaba ɗaya, na ukun kuma ta bar inuwarsa kawai. Motar tana nan da halinta, filin yana nan da ƙuncinsa, an auna shi da hasken leza har ramuka da tudun kwalta, amma abin da ke sa mutum ya ɗaga ƙafa ya tafi. Aikin lig ke nan, kuma ban ga wani aikin da ya fi shi ba: ya dawo da asarar da za ta yi zafi.

Za a ce ai iRacing, manhajar da ake wannan tseren kwamfuta a cikinta, ta riga ta yi tanadi. Gaskiya ne, kuma tanadin nata ya cancanci yabo. Kamfanin da Dave Kaemmer da John Henry suka kafa a 2004, ya buɗe wa jama'a a 2008, ya zo da abu biyu masu kyau: kowa da sunansa na gaskiya yake tsere, kowa kuma yana da makin kiyaye haɗari da ke bin sa daga tsere zuwa tsere. Ka sauka daga kwalta a rubuta maka ɗaya, ka juya ko ka bugi bango biyu, ka yi karo da wata mota huɗu. Ana auna waɗannan da yawan kwanonin da ka sha, da su ne lasisinka yake hawa daga na sabon shiga zuwa D, C, B har A, ko ya sauko. Sai dai tsarin ba ya tambayar wa ke da laifi. Wanda ya buga da wanda aka buga, huɗu-huɗu za a rubuta musu. An yi haka ne da gangan, kuma a tseren da kamfanin yake shiryawa da kansa, inda dubban baƙi suke haɗuwa dare da rana, dabara ce mai ma'ana: a tsawon watanni, wanda kullum yake cikin hatsaniya makinsa zai tona masa asiri ko da kowane lokaci yana da uzuri.

Amma lig ba taron baƙi ba ne. Mutum talatin ne da suka san muryar juna, suna haɗuwa dare ɗaya a mako. Ga kuma abin da masu shirya lig da yawa ba sa tsayawa su yi tunani a kai: tseren lig ba ya taɓa wancan makin kiyaye haɗari, ba ya kuma taɓa makin ƙwarewa. Wato ɗan sandan da suke dogara da shi ba ya ma bakin aiki a harabarsu. Abin da ya rage musu shi ne ƙidayar karo ta daren, sai su ce duk wanda ya kai adadi kaza an kore shi daga tseren, ko a rage masa maki a teburi. A motar Modified a filin rubu'in mil wannan doka zalunci ce tsantsa. Mutumin da ya taso daga tsakiya, aka buge shi ta baya sau uku wajen tashi, ya tara goma sha biyu bai yi komai ba. Wanda kuma ya lallaɓa ya zungure na gaba a zagayen ƙarshe ya ci tsere, huɗu kacal ya ɗauka, ya tafi da kofi. Ƙidaya ba ta san niyya ba, ba ta san wa ya shiga kwana ba tare da hurumi ba, ba ta san wa ya taka birki da wuri don ya rama abin makon jiya ba.

Gyaran nan take kuwa shi ne ya fi ɓata mini rai. Ga wanda bai sani ba, mai shirya tsere yana iya ba kowane direba damar ya shiga layin gyara da mota a ragargaje, ya fito da sabuwa ful cikin 'yan daƙiƙu. Da kyakkyawar niyya ake bayarwa, don kada daren mutum ya ƙare a zagaye na uku. To amma dubi abin da yake koya wa direba. Yana gaya masa cewa karon farko kyauta ne. Duk wanda ya san yana da mota ta biyu a aljihu, zai cusa hanci inda babu hanya a kwanar farko, domin in ta yi kyau ya wuce mutum huɗu, in ta ɓaci ya karɓi sabuwa, tutar rawaya da ake ɗagawa bayan karo don kowa ya rage gudu ta haɗa shi da sauran, ya dawo kamar ba a yi ba. Lissafinsa daidai ne, dokar ce ta karkace. Kuma rawaya tana haifar rawaya: duk tashi sabo yana matse motoci wuri ɗaya, duk matsewa tana kawo sabon karo. Tseren zagaye 150 sai ya koma jerin gwano a bayan motar jagora, ana gudu zagaye biyar ana rarrafe shida.

Asarar da ake yi a nan ta wuce ta lokaci. Daɗin Modified yana cikin dogon gudu ne. Zagaye goman farko taya sabuwa ce, kowa gwani ne. Sai an yi arba'in ko hamsin ba tsayawa, tayar dama ta baya ta yi zafi ta fara sulɓi, sannan ake sanin wa ya iya. A nan ne za ka ga wanda ya tattala tayarsa tun farko, yana taka totur a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, ya fara cinye waɗanda suka wuce shi da hayaniya ɗazu. Za ka ga yadda yake nazarin na gabansa zagaye bayan zagaye, ya gane inda motarsa take buɗewa a fitar kwana, ya shirya wucewar tun daga nesa. Wannan ilimin ne ya sa ake girmama irin su Mike Stefanik mai kambu bakwai da Doug Coby mai shida. Lig ɗin da ba ya iya yin zagaye ashirin ba rawaya, mambobinsa ba za su taɓa ɗanɗana shi ba, kuma ba za su san abin da suka rasa ba.

Amsar da na fi ji ita ce wai wasa ne kawai, a bar mutane su sha iska. Ina da ja a kan wannan ta fuska biyu. Ta farko, motar ce ta ƙarya, lokacin mutane na gaske ne. Wanda ya kwashe dararen mako yana gwaji, ya sayi sitiyari da feda, yana biyan kuɗin rajista, ya sayi motar da filin, ya roƙi iyalinsa su ba shi awa biyu, wannan mutumin an ɗauke masa wani abu idan aka jefa shi bango don raha. Ta biyu, duniyar tsere da kanta ta riga ta yanke hukunci a kan wannan tun 2020. Lokacin da annobar korona ta rufe filaye, manyan direbobin NASCAR suka koma iRacing ana nuna su a talabijin, tseren Texas ya ja masu kallo fiye da miliyan ɗaya. A na Bristol, Bubba Wallace ya yi fushi bayan karo da Clint Bowyer ya fice daga tseren, kamfanin Blue-Emu da ke ɗaukar nauyinsa ya janye a ranar. Mako guda bayan haka Kyle Larson ya furta kalmar wariyar launin fata a wani tseren kwamfuta, NASCAR ta dakatar da shi, ƙungiyar Chip Ganassi ta sallame shi. A gasar Formula E, Daniel Abt ya sa wani ƙwararren ɗan wasan kwamfuta ya tuƙa a madadinsa, aka ci shi tarar Yuro 10,000, ya kuma rasa kujerarsa a Audi. Babu ɗayansu da kalmar wasa ta cece shi.

Kuma hanya ce mai zuwa da dawowa. William Byron, wanda ya ci Daytona 500 a 2024 da 2025, a iRacing ya fara koyon tsere kafin ya taɓa motar gaske. Rajah Caruth haka, ya zo ya ci tseren rukunin Truck a Las Vegas a 2024. Yaran da ke cikin lig-lig ɗin nan yau, wasunsu gobe za su zauna cikin motar da ke da ƙarfe da fetur, da halin da aka raine su a kai za su shiga. A Oktoba 2022 Ross Chastain ya manna motarsa da bangon Martinsville a zagayen ƙarshe, bai ɗaga ƙafa ba, ya tashi daga na goma zuwa na biyar, ya ce a wasan bidiyo ya koya yana yaro. Duniya ta yi ta mamaki, ni ma na yi. Amma kafin kaka ta gaba ta fara NASCAR ta hana, domin ta san abin da babu asara a cikinsa a allo, a kwalta yana iya kai mutum asibiti.

Saboda haka abin da nake kira a yi shi ne a cire gyaran nan take, a kuma naɗa alƙalai mutane. Idan motarka ta lalace, a ja ta zuwa layin gyara, ka zauna ka jira mintunan da gyaran zai ci, ka fito a bayan jama'a da mota mai ɗingishi, ko ka haƙura. Bayan tsere kuma mutum biyu ko uku su zauna da bidiyon maimaici, su duba kowane karon da ya jawo rawaya, daga cikin motar wannan da ta wancan, su ga sitiyari da birki da totur na kowa, su faɗi mai laifi da sunansa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Akwai ƙorafi ɗaya mai nauyi a kan wannan, ba zan kuma yi kamar ban ji shi ba. Idan babu gyaran nan take, wanda ba shi da laifi ne zai fi shan wuya. An buge shi a zagaye na uku, darensa ya ƙare, hukuncin da za a yi wa mai laifin jibi ba zai dawo masa da shi ba. Haka ne. Makonnin farko za su yi ɗaci, wasu za su yi gunaguni, wataƙila wani ya tafi. Amma ana iya rage zafin: a bar kowa ya zubar da sakamakonsa mafi muni ɗaya ko biyu a lissafin kaka, yadda mummunan dare ɗaya ba zai rushe masa shekara ba. Sannan a tuna cewa gyaran nan take bai taɓa kare marar laifi ba. Abin da ya yi shi ne ya yawaita karon da ke cin sa, ya ba shi mota ta biyu don a sake buge ta. A duk inda na ga an cire shi, bayan 'yan makonni kwanar farko takan canza kama. Mutane sukan bar wa juna tazara, ana jin masu magana a rediyo suna cewa a yi haƙuri tsere da tsawo. Ba wa'azi ne ya gyara su ba, sanin cewa mota ɗaya ce.

Alƙalancin ma yana da nasa ramukan, kuma lig ɗin da ya yi shi da ka gara bai yi ba. Alƙalin da yake cikin tseren, yana kuma neman kambu, bai kamata ya taɓa shari'ar da ta shafi abokin hamayyarsa ba. A samo waɗanda ba sa tuƙi a daren, ko a yi musaya da wani lig. A rubuta doka tun kafin kaka ta fara: a wane matsayi ne na ciki ya sami hurumin kwana, shin sai tayar gabansa ta kai ƙofar na waje ko ta kai tayar baya ta isa, nawa ne hukuncin farko, nawa ne na biyu, a na nawa ake zaunar da mutum mako guda. A hana kai ƙara a daren tseren, a jira gari ya waye, domin laifi tudu ne, kuma ba a taɓa ganin mai hangen nasa ba yana huce gumin sitiyari. A saurari ɓangare biyu. A fitar da hukunci a fili tare da dalili, kowa ya karanta. Alƙali kuma ya san akwai karon da ba na kowa ba ne. Kwamfutarka ba ta ganin motar abokin tsere a inda take a wannan daƙiƙar, hasashe take yi daga saƙon ƙarshe da ya iso, kuma idan intanet ɗin ɗayanku ya yi jinkiri, sai a ga motoci sun yi karo alhali a allon kowannensu akwai tazara. A motar da tayoyinta ke waje, tazarar taƙi ɗaya ta isa ta jawo wannan. Wanda ba ya iya bambance shi da ganganci zai hukunta marar laifi, daga nan kuma amana ta tafi.

Kada a fahimce ni da cewa ina son tseren da ba a taɓa juna. Wannan ba Modified ba ce. A ƙananan filayen Amurka, ɗan zungurin bamba a tsakiyar kwana don a ɗaga na gaba daga layin ciki tsohuwar al'ada ce, kuma gwaninta ce: ka taɓa shi daidai gwargwadon da zai buɗe, ya rasa matsayi ɗaya ko biyu, ya ci gaba da tserensa, ka kuma san yana da damar ya biya ka da irin kuɗinka. Tsakanin ɗaga mutum da juya shi akwai tazara mai faɗi, duk direban kirki ya san ta a tafin ƙafarsa. Masu son ganganci sukan kafa hujja da Bowman Gray, filin da ya yi suna wajen ramuwa da faɗa a gaban 'yan kallo. Sun manta cewa mutanen can, duk abin da suka fasa da daddare, su ne za su biya da safe, kuma a gaban juna suke tsayawa. Ɗaukar zafin kansu ba tare da ɗaukar asararsu ba kwaikwayon rabin abu ne.

NASCAR da kanta ta yi shekaru tana lalube kafin ta ja layi. A farkon 2010 ta sanar cewa za ta sassauta, direbobi su daidaita tsakaninsu. Makonni kaɗan bayan haka Carl Edwards ya rama a kan Brad Keselowski a Atlanta, motar Keselowski ta tashi sama ta kife, hukuncin bai wuce jan kunne na tsere uku ba. Sai a 2015, da Matt Kenseth, yana baya da zagaye da yawa, ya kai Joey Logano bango a Martinsville alhali Logano ke kan gaba, aka dakatar da Kenseth tsere biyu. A 2022 aka dakatar da Wallace tsere ɗaya, a 2023 aka yi wa Chase Elliott haka, dukansu saboda ƙugiyar bayan dama, wato ka bugi kusurwar dama ta bayan mota don ta juya ta fuskanci bango. Idan hukumar da ke da tsoro da aljihu da kunya suna taya ta aiki ta ga dole sai ta ƙara da dakatarwa, ina ga lig ɗin da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu?

A gefe guda, ina ganin ana ɓata ƙarfi a kan muhawarar da ba ita ce matsalar ba, wato ko a ba kowa saitin mota iri ɗaya ko a bar kowa ya yi nasa. Ni na fi son a bar kowa, domin wasa da sifirin da iskar taya da bambancin girman tayar dama da ta hagu rabin tarihin Modified ne, motar makanikai ce tun asali. Amma na ga lig masu saiti ɗaya da suke da tsafta, na ga masu saiti a buɗe da suke kamar filin yaƙi. Ba daga nan take ba.

Daga mai shirya lig take, kuma a nan ne abin yake da wuya. Sau da yawa mai gangancin yana cikin mafi sauri, ko tsohon mamba ne, ko shi ne ya kawo abokai biyar, ko shi ke jawo masu kallo idan ana watsa tseren kai tsaye. Mai shiryawa yana tsoron in ya hukunta shi, ya tafi da mutanensa, fili ya rage. Sai ya kira shi gefe ya lallashe shi, ya fito ya ce wa jama'a kowa ya yi haƙuri, tsere ne. Abin da ba ya gani shi ne wanda aka zalunta ba zai yi surutu ba. Zai zo mako mai zuwa, ya zo na gaba, daga nan a ji aiki ya yi masa yawa. Mai hayaniya ɗaya ana ganin tafiyarsa, masu shiru goma ba a lura sai an zo buɗe rajistar sabuwar kaka. Ina tausaya wa masu shirya lig, aikin sa kai suke yi, ba albashi, sai zagi daga wanda aka hukunta. Amma wanda ya tara mutane ya ce su ba shi darensu, ya ɗauki amanar daren.

Sabon shiga kuma a bambanta shi da mai ganganci. Wanda bai saba da motar ba zai yi kuskuren birki, zai taka totur da ƙarfi ya juya a gaban jama'a. Maganinsa a sa shi ya taso daga baya na 'yan makonni, ko ya fara da SK Modified, ƙanwar motar da aka ƙirƙiro a Stafford, mai ƙarancin ƙarfi, wani tsohon hannu kuma ya zauna da shi su kalli bidiyonsa tare. Korar irin wannan asara ce. Dakatarwa ta wanda ya sani ya take ce.

Wuri ɗaya ne nake so kowane lig ya rubuta da manyan baƙaƙe, shi ne zagayen ƙarshe, domin a nan ne hukuncin da aka saba yi yake zama ciniki mai riba. Idan ladan juya na gaba shi ne nasara, tararsa kuma rage maki biyar, kowa zai saya. A Agusta 2024 a Richmond, Austin Dillon ya juya Logano a kwanar ƙarshe, ya kuma ƙugiye Denny Hamlin kafin layi, ya ci tseren. NASCAR ta bar masa nasarar a littafi, amma ta ƙwace tikitin shiga zagayen neman kambu da nasarar ta ba shi, ta kuma rage masa maki 25. A ganina ko wannan bai isa ba, kuma lig yana da 'yancin da hukumar ba ta yi amfani da shi ba, tunda ba shi da masu tallafi da talabijin da zai ji tsoro. Duk wanda alƙalai suka tabbatar ya juya na gabansa a zagayen ƙarshe, a mayar da shi bayan motar da ya juya a sakamakon tseren, ko da ta ƙare ta ashirin da biyar, kuma mako mai zuwa ya taso daga layin ƙarshe.